Ƴan Bida a Abijan: Kwana da Tashin Mai Garba, da Abin da Yake Tanadi Don Gobe

Da zarar an gama yankan hatsi, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, sai ƙauyukan Ader su fara ragewa da samari. Daga Kalfu, Bambai, Tamaske, Kaita, Buza da Illela, kowa ya rataya ƴar jakarsa ya nufi tasha. Wasu Najeriya suka nufa, wasu Gana, wasu Libiya ko Aljeriya. Amma akwai wani babban kaso da tun kaka da kakanni hanyarsu guda ce, wato Abijan, babban birnin kasuwancin ƙasar Kodibuwar, tafiyar fiye da kilomita 2,000 daga Tawa.

Kusan babu ƴar kasuwar da ba ta da ɗa, ko miji, ko ƙane a can. Muna ganin kuɗin da suke aikowa, muna ganin shadda da salula ranar da suka dawo. Abin da ba mu cika gani ba shi ne yadda ake samo kuɗin, da abin da saurayin ke ƙullawa a ransa. A wannan karo mun duba rayuwar irin saurayin da ke sana'ar da aka fi sanin ƴan Nijar da ita a Abijan, wato saida garba.

Hanyar ba ta yau ba ce

Tafiya bida zuwa gaɓar teku ta girmi ƴancin kan Nijar. A 1958 Bafaranshen nan Jean Rouch ya fitar da wani fim a kan samarin Nijar masu aikin ƙarfi a unguwar Tireshbil ta Abijan. Wanda ya fito a matsayin jarumin fim ɗin shi ne Umaru Ganda, wanda a lokacin dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Daga baya ya dawo gida ya zama mai shirya fina-finai, har ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ke nan kakannin samarin yau su ne suka share wannan hanya.

Abin da ke jan su bai sake ba sosai. Damana a nan wata 3 ce zuwa 4, sauran shekara kuwa babu aikin gona sai ga mai garka. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a Kodibuwar ya koma jikka 75 a wata tun Janairun 2023, alhali na Nijar jikka 42 ne. Gaskiya ne mai garba ba ɗan albashi ba ne, amma wannan tazara tana nuna inda kuɗi suka fi yawo. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna mutum sama da miliyan 29 ne a ƙasar, kuma kusan kashi 22 cikin 100 baƙi ne. Gundumar Abijan ita kaɗai ta haura mutum miliyan 6. Duk waɗannan bakuna sai sun ci abinci kowace safiya.

Akwai kuma wani dalili da kowane ɗan kasuwa zai gane nan take. Kuɗin Abijan da na Tawa duka sefa ne. Wanda ya yi bida a Legas ko Kumasi sai ya canza naira ko sidi, kuma sau da yawa canjin ya cinye masa guminsa. Ɗan Abijan kuwa jikkarsa jikka ce, ko can ko nan.

Ko mene ne sunanka, Garba kake

Aceke abinci ne da ake yi da rogo. Mata ne ke ɓare shi, su niƙa, su bar shi ya yi tsami, su matse ruwan, su murza shi ya yi tsaki-tsaki, sannan su turara kamar dambu. Matan ƙabilun bakin ruwa na yankunan Dabu, Jakbil da Giran Lahu su ne suka fi shahara da shi, kuma a Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. In aka haɗa aceke da soyayyen kifin ton, aka yanka tonka da albasa da tumatir, aka marmasa magi, aka zuba cokali guda na man suya, shi ne garba.

Sunan kuwa namu ne. Mutanen Abijan sun laƙaba wa abincin sunan Garba saboda Hausawan Nijar ne suka yi fice wajen saida shi. Haka ma mai shayi da kofi na bakin titi, aboki ake ce masa. Saurayi zai baro ƙauyensu da sunan da aka raɗa masa ranar bakwai, amma a bakin masu saye ya zama Garba ko Aboki har ya dawo.

Sabon zuwa ba ya fara da rumfar kansa. Wajen ɗan garinsu yake sauka, yaya ko kawu ko abokin uba, ya zama yaron rumfa. Aikinsa na farko wanke kwanoni, ɗebo ruwa, yankan albasa da tonka har idanu su yi ja. In ya nuna hankali sai a sake masa suya. Sai an ga amanarsa ƙwarai kafin a bar shi ya tsaya gaban kwandon aceke yana auna wa mutane yana karɓar kuɗi, domin a nan ribar take, a nan kuma asarar take. Cokalin da ya wuce kima sau 100 a wuni ya isa ya cinye ribar ranar.

Daga asuba zuwa dare

Ranar mai garba tana farawa kafin kiran assalatu. Wani zai shiga baka, wato ƙananan motocin haya na Abijan, ya nufi wajen masu kifi. Tashar kamun kifi ta Abijan tana cikin manyan wuraren da ake sauke ton a Afirka. Manyan jirage na kawo shi don masana'antun da ke sa shi a gwangwani, wanda bai cika sharuɗɗansu ba kuwa, ko don ƙanƙanta ko don ya ƙuje, sai a saida wa ƴan kasuwar gari. Wannan shi ne kifin garba. In jirage suka yi jinkiri kifi ya yi tsada, kuma mai rumfa ba ya iya ƙara kuɗi yadda ya ga dama, don mai sayen garba talaka ne: ɗan lakkwal, makanike, ɗan dako, direba. Sai dai a rage girman yanka, mai saye ya yi gunaguni.

Kafin a dawo da kifi wani ya karɓi aceke daga hannun matar da ke kawo musu, sau da yawa bashi, a biya da yamma. A yanka kifi, a sa gishiri, a birkiɗa shi a fulawa, a hura wuta. Ƙarfe 7 na safe layi ya fara. Daga nan har azahar saurayin nan yana tsaye gaban tafasasshen mai, cikin zafin Abijan mai gumi wanda ba irin namu ba ne, ga hayaƙi, ga mutane kowa na nuna yankan da yake so da cokali mai yatsu. Dole ya iya lissafi da ka, dole ya tsinci Julanci da irin Faransancin titi, dole kuma ya iya haɗiye magana, domin wani zai ci ya ce ba shi da canji, wani ya zage shi da ƙasarsu.

In kifi ya ƙare sai wanke-wanke da lissafi da maigida. Wasu suna ƙarawa da wata sana'ar da dare, ko taya mai tsire, ko gadi. Babu Lahadi, babu hutu sai ranar Salla ko ranar da ciwo ya kada mutum.

Ɗaki guda, tabarmi da yawa

Haya ita ce babbar matsalar Abijan. Dokar ƙasar ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 2 na gaba da wata 2 na ajiya, amma ko hakan ya fi ƙarfin sabon zuwa. Shi ya sa samarin gari guda ke haɗuwa su kama ɗaki guda a gidan haya mai tsakar gida ɗaya, a Ajame, Abobo, Yopugon ko Por Buwe. Da rana a naɗe tabarmi, da dare a shimfiɗa. Wani ma a cikin rumfar yake kwana, ya huta da haya ya kuma yi gadin kaya.

Wannan cunkoso yana da amfaninsa. Ɗakin nan shi ne asusunsu, shi ne gidan wayarsu. A nan ake zuba adashe, a nan ake jin wanda zai tafi gida a ba shi saƙo, a nan ake haɗa kuɗi in wani ya kwanta ciwo ko ya rasu. Garuruwa da yawa na Ader suna da ƙungiyar ƴan garinsu a Abijan, da dattijon da ake kai wa ƙara. Masallatai da rijiyoyi da azuzuwan lakkwal da dama a ƙauyukanmu da irin wannan karo-karo aka gina su.

Ciwon da ya fi damunsu shi ne zazzaɓin sauro, musamman lokacin manyan ruwan sama na watannin Mayu zuwa Yuli, sai ƙunar mai da ciwon ƙirji na hayaƙi. Kodibuwar tana da tsarin inshorar lafiya da ake kira CMU, wanda ake biyan jikka 1 a wata, kuma ya shafi duk mazaunin ƙasar har da baƙo. Uwar da ɗanta ke can, in sun yi waya, ya kamata ta tambaye shi ko ya yi wannan kati, kafin ta tambaye shi yaushe zai aiko.

Baƙo raɓa ne

Duk daɗewar mutum a can, akwai ranar da za a tuna masa cewa baƙo ne. A farkon shekarun 1990 aka ƙaƙaba wa baƙi katin zama, wanda ya zama hanyar tatsar su a kowane shinge, har sai da aka soke shi ga ƴan ƙasashen CEDEAO a 2007. Rikicin 2002 da na bayan zaɓen 2010 zuwa 2011 sun sa ƴan Nijar da yawa sun gudo sun bar dukiyarsu. A watan Mayun 2021 wani hoton bidiyo ya bazu a intanet ana cewa wai ƴan Nijar ne ke dukan ƴan Kodibuwar. Ƙarya ce, hoton ma ba a Nijar aka ɗauke shi ba, amma kafin gaskiya ta fito an far wa ƴan Nijar a unguwanni da dama na Abijan, an farfasa rumfuna, an raunata mutane, har an yi asarar rai.

A 2024 kuma hukumomin gundumar Abijan suka shiga rusa unguwannin da suka ce suna cikin haɗari ko an gina su ba bisa ƙa'ida ba, irin su Jesko da Boribana, suka kuma hana talla a manyan tituna da bara da tura amalanke. Waɗannan kuwa su ne sana'o'in da sabon zuwa ke fara kamawa. Rumfar katako da kwano da aka kafa a bakin titi tana iya kwana ta wayi gari babu ita.

Sai batun takardu. Tun 1979 yarjejeniyar CEDEAO ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin CEDEAO ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen uku har zuwa wani sabon umurni, kuma yarjejeniyar UEMOA, ƙungiyar masu kuɗin sefa, ita ma ta tanadi ƴancin zirga-zirga. Duk da haka mai hankali ba ya barin gida sai da takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa mai rai, da katin rigakafi, in ya isa kuma ya yi katin ofishin jakadanci. Hanyar kanta ta ƙara wuya, saboda rashin tsaro a yankin iyakar Nijar da Burkina, da kuma rufe iyakar Benin da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023. Tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mota ya ƙaru, shi ya sa wanda a da yake zuwa gida kowace damana yanzu sai ya haɗa shekara 2 ko 3.

Ina kuɗin ke shiga?

A da sai an jira mai zuwa gida a ɗinke masa kuɗi cikin riga. Yanzu kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana sun sa kuɗi na isowa a wuni guda. Wannan sauƙi ne babba, amma ya zo da nasa nauyi. Tunda an san kuɗi na iya zuwa yau, sai kowace buƙata ta zama ta yau. Hatsi ya ƙare, a buga waya. Suna, biki, rashin lafiya, ragon Layya, gyaran katanga, duka a buga waya. A filin gaishe-gaishe na rediyo, in ƴan Abijan suka bugo, bayan gaida iyaye da abokai, kalmar da ta fi yawa a bakinsu ita ce a yi haƙuri, saƙo na nan tafe.

Mu yi lissafi na misali. A ce bayan ci da haya saurayi ya iya ajiye jikka 1 kowace rana. Daga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu wajen kwana 240 ke nan, wato jikka 240. A cire kuɗin mota zuwa da dawowa da abin da ake bari a shingaye. A cire buhunan hatsin da za a saya wa gida lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wanda kuma shi ne lokacin da tiya ta fi tsada. A cire tsarabar da in bai zo da ita ba za a ce bidarsa ba ta yi albarka ba. Abin da ya rage ba ya sayen moto, balle ya zama jari. Haka mutum zai yi shekara 10 yana kai da kawowa, gida bai kwana da yunwa ba, amma shi bai tara komai ba.

Abin da ke ransa

In ka zauna da samarin nan, burinsu bai wuce huɗu ko biyar ba, kuma a jere suke. Na farko aure: sadaki, akwati, da ɗakin da za a sa amarya. Na biyu ɗakin siminti da rufin kwano a gidan uba. Bayan wannan sai hanya ta rabu biyu.

Wasu so suke su kafu a can. Yaron rumfa ya zama mai rumfa, mai rumfa guda ya buɗe ta biyu ya ɗauko ƙannensa daga gida. Wanda ya yi nisa ya bar suya ya shiga fataucin albasa ko na dabbobi, ya zama shi ke karɓar kaya daga Galmi da Madawa a kasuwannin Ajame. Akwai manyan alhazai a Tawa da suka fara da wanke kwanon garba. Sai dai mai wannan buri ya san iyakarsa. Dokar filaye ta 1998 ta hana baƙo mallakar ƙasar noma a karkarar Kodibuwar, kuma haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa in iyayensa duka baƙi ne.

Wasu kuwa, kuma su ne suka fi yawa a baki, so suke su dawo gaba ɗaya. Wannan ya ce moto zai saya ya yi kabu-kabu, wancan ya ce butik zai buɗe ko injin niƙa. Wanda garinsu ke da fadama burinsa rijiya da injin ban ruwa, ya noma albasa. Mai garba ya fi kowa sanin darajar albasar Galmi, tunda kullum yana sayen ta da tsada a Abijan, alhali ya san yadda take faɗuwa warwas a gida lokacin da ake cire ta a watannin Maris da Afrilu. Ya kuma san cewa wanda ya iya adana ta a rudu har bayan damana shi ke cin riba, ko da wani kaso ya ruɓe. Abin da ke hana manomi jira shi ne bashi da buƙatar yau. Kuɗin bida, in an tattala su, su ne za su iya saya masa wannan jiran.

Rabon masu zaman gida

A nan ne maganar ta dawo kanmu, musamman iyaye mata da matan aure. Saurayin da ke tsaye gaban mai a Abobo ba ya iya kiwon rago, ba ya iya sayen hatsi da kaka ya ajiye. Wanda ke gida ne zai yi masa. Gidajen da bida ta yi wa amfani, in ka bincika, za ka tarar akwai wata mace da ta raba kuɗin gida biyu: na ci daban, na jari daban, kuma ba ta bari a taɓa na biyun don biki.

Hanyoyin ba baƙi ba ne a wajenmu. Sayen hatsi da wake lokacin kaka, kafin tiya ta hau. Turkar rago ko ɗan maraƙi da za a saida gabanin Layya. Zubi a ƙungiyar mata irin ta Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jahar Maraɗi a 1991, wanda daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Matar da mijinta ya bar ta shekara 2 da yara, in tana da ƴar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko mai ko ƙosai, ba kowane cefane ne zai sa a buga waya ba, kuma kowace wayar da ba a buga ba jikka ce da ta zauna a asusun mai bida.

Ƴan kasuwa maza su ma suna da abin yi. Yaron da ya yi shekara 5 yana auna aceke ya iya lissafi, ya iya mu'amala da jama'a, ya san kasuwannin Abijan da harshensu. Mai fataucin albasa ko wake da ke neman amintacce a can ba sai ya je nesa ba. Haɗa jari da irin waɗannan samari, a rubuce kuma gaban shaidu, ya fi a bar su su dawo su zuba kuɗinsu a moto na 20 a garin da fasinjansa bai fi na moto 5 ba.

Su ma samarin akwai gyara a nasu ɓangaren. Hoton da ake ɗauka jikin motar wani a turo gida yana sa iyaye su ɗauka an samu, buƙatu su ƙaru, ƙannai kuma su bar lakkwal su biyo sawu. Wanda ya faɗa wa gida gaskiyar abin da yake samu, ya kuma faɗi shekarar da yake son dawowa da abin da yake son ya tarar, ya fi samun masu taya shi tattali.

Hausawa na cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma babu mai cewa samarin Ader su zauna rani guda suna kallon rumbu na ƙarewa. Amma tunda dokoki na sakewa, hanya na ƙara wuya, rumfa kuma ba ta da tabbas, kowane gida da ke da ɗa a Abijan ya dace ya zauna ya tsaida abin da ake tarawa dominsa, da wanda zai riƙe shi, tun kafin saƙo na gaba ya iso. Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka a abin da suka samo.